Gawa Ba Ta Tashi Sai An Tafa

Ni na dafa jinin, da hannuna. Soɓo ne irin wanda nake ƙullawa a leda ina sayarwa, sai dai wannan na bar shi a kan wuta har ya yi kauri, na barbaɗa masa ɗan sitaci, na juya. Da ya huce na ɗiga shi a bayan hannuna na duba, sai da tsigar jikina ta tashi, na yi dariya na ce lallai na iya. A kan wannan jinin aka so a ƙona ɗan yayata da ransa, a ƙofar gidana, da rana tsaka, a cikin garin Bagudo. Waɗanda suka so yin hakan kuwa maƙwabtana ne, kuma har gobe muna gaisawa idan mun haɗu a hanya.

Yayata tana aure a ƙetare, wani ƙauye cikin Benin, gaba da Illo kaɗan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita. Da kanta ta kawo mini ɗanta na biyu, ta ce Faransancin da ya karanta ya isa, yanzu tana son ya ji Turanci tun da duk cinikinsu da mutanen Najeriya ne. Ranar ta kama hannunsa ta sa a nawa ta ce, "Ga amana nan." Har na ji haushi, na ce mata ta daina yi mini magana kamar bare take ba wa. Yaron dogo ne, ya fara gashin baki, ga shi shiru-shiru. Dendanci ne harshensa, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe, kuma Tanti yake ce mini irin na can. Saboda rashin Turanci aka mai da shi baya, aka sa shi aji ɗaya da ɗana, wanda da ƙyar kansa ya kai kafaɗarsa.

Shi nawan ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, idan na yi fushi in ce "wannan yaro". Taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Idan ya sa abu a ransa ko yanka shi za a yi ba ya sakewa. Ubansa masunci ne, a lokacin ya bi jirgi ya gangara wajen Yawuri, gidan ya rage daga ni sai su biyu.

Kada wani ya ce unguwa ba ta san baƙon nan ba. Mai facin da ke kwanar layinmu, ɗan yayata ne yake karanta masa takardar maganin tsohuwarsa, don daga ƙetare ake sayo shi, da Faransanci aka rubuta. Mai sayar da fetur a kwalba, idan 'yan Benin suka tsaya da babura suka rasa harshen ciniki, shi yake ƙwala wa kira ya yi musu tafinta. Maƙwabciyata mai bandar kifi kuwa, ban san adadin itacen da ya ɗauko mata a ka ba.

A wannan zangon aka kawo musu wani sabon malami, saurayi mai rawar kai, wanda ya ce wasan kwaikwayo ba a allo ake koyonsa ba. Kullum sai ya ba su abin da za su gwada a gida. Gidana ya koma gidan mahaukata. Yau su tsaya fuska da fuska, ɗaya ya zama madubi, duk abin da ɗayan ya yi sai ya yi. Gobe su yi tafiyar tsoho, su yi ta mai ciki, su yi ta wanda kunama ta harba. Akwai ranar da na aiki ɗana ya miƙo mini ludayi, ya daskare a tsakar gida da ƙafa ɗaya a sama, wai an ce su zama gunki. Na jefe shi da takalmi, gunkin ya gudu.

Da suka kai kan darasin mari sai na ajiye aikina na zauna kallo. Ashe dabara ce. Mai marin yana wuce da hannunsa ta gefen kunci bai taɓa ba, wanda aka mara ya juya kai, a lokaci guda ya daki cinyarsa don a ji ƙara. Babban ne yake marin ƙaramin, ka ji fau, ka ga yaro ya yi adungure yana ihu, sannan ya tashi yana washe baki ba ko tabo. Suka koyi naushi, suka koyi shaƙa, suka koyi faɗuwa ba tare da an fasa kai ba. Na ce musu da haka ake duka a duniya da ba a gina asibiti ba.

Abu ɗaya ne ya gagari ɗana, shi ne mutuwa. Da ya faɗi ya rufe ido sai dariya ta kama shi, ka ga cikin gawa yana rawa. Wata rana ya dawo makaranta fuska a murtuke, ya ƙi cin abinci. Babban ne ya gaya mini cewa 'yan aji sun yi masa ele suna ta dariya, malam kuma ya ce idan ya ƙara motsi za a ba wa wani yaron matsayin gawar.

"Inna, malam ya ce gawa ba ta tashi sai an tahwa," in ji shi. "Ko gobara anka yi, ko mi anka yi, sai 'yan kallo sun tahwa. Za ki gani."

Na kuwa gani. Ni ce 'yan kallon gidan, ni ce mai tafi. Sai in bar shi kwance in tafi in juya miya in dawo, ƙuda na yawo a leɓensa, bai motsa ba. In yi masa cakulkuli da tsinken tsintsiya a tafin ƙafa, ya cije. Sai na tafa hannu sannan ya yi zumbur ya miƙe, ya rusuna kamar yadda aka koya musu.

A cikin watannin nan gari ba lafiya. An tsinci gawar wani ɗan kabu-kabu a hanyar iyaka, an soke shi an tafi da babur ɗinsa. Ba a kama kowa ba, amma kowa ya yanke hukunci a bakinsa cewa 'yan ƙetare ne. Maza suka fara kwana da gora a bayan ƙofa. Da malam ya ce kowane mutum biyu su tsara ɗan gajeren wasa a gida su kawo ranar hutu, yarana ba su yi nisa wajen neman labari ba, abin da ake faɗa a kowane zaure suka ɗauka. Ƙaramin ne ɗan kabu-kabu, benci ne babur, babban ne fasinjan da zai soke shi ya gudu. Babban ya sassaƙa wuƙa da icce, ya naɗe ta da farar takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, idan rana ta haska ta sai ka rantse daga maƙera take. Idan ya soke shi ya ruga, aikina ne in yi ihu daga madafa in ce "Ɓarawo! A tare!" Haka muka yi ta yi a tsakar gida, ba jini, ba wanda ya gani.

Ranar kasuwar Lolo suka dame ni tun da safe cewa in yi musu jini, don saura kaɗan a yi hutu. Na dafa, na ƙulla a leda, na nuna wa ƙaramin yadda zai ɗaure ta a ciki ƙarƙashin riga. Na ce su jira in dawo. Na hau kabu-kabu na tafi sayen soɓo da citta.

Ba su jira ba. Abin da ya faru a bayana daga baya na tattara shi, daga bakinsu da bakin mata. Sun ce tsakar gida ta yi musu kaɗan wajen gudu, shi ya sa suka fitar da bencin ƙofar gida bayan azahar. Babban ya zauna a baya, ya shaƙo wuyan ƙaramin, ya zaro wuƙa ya caka masa a ciki. Ledar ta fashe. Ƙaramin ya yi ƙara, ya zame daga benci, ya yi shure-shure a ƙasa, ya sandare. A daidai nan mai bandar kifi ta leƙo. Ta ga farar riga ta rine, ta ga dogon yaro tsaye da wuƙa, hannunsa ja har gwiwa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Shi kuma ya ruga, domin haka wasan yake. Ya ce da ya ji ana "Ɓarawo! A tare!" daɗi ma ya ji, ya zaci unguwa ce ta shigo wasan. Yana gudu yana waiwaye yana zare ido irin na mugu. A kwanar mai faci wani ya sa masa gora a ƙafa, ya kifa da baki. Mata kuma suka ɗauki ɗana caɗak suka shigar da shi tsakar gida suka lulluɓe da zane. Wata tsohuwa ta kara hannu a hancinsa, ja'irin ya riƙe numfashi. Ta yi salati ta ce ya cika. Ba wadda ta ɗaga rigarsa ta nemi raunin.

Wajen la'asar muka shigo layi, buhun soɓo a kan cinyata. Mai babur ɗin ya taka burki ya ce ba hanya. Na ga mutane sun yi da'ira a ƙofar gidana, sanduna suna ɗagawa suna sauka, ƙura ta tashi. Ƙarar dukan ce ta fara shiga kunnena, tim, tim, irin ta mata idan suna bugun dawa. Na ce a raina an kama ɓarawo, Allah ya ƙara. Haka na ce. Sai wata mata ta hango ni ta taho da gudu ta rungume ni.

"Ki yi haƙuri! Ki yi haƙuri, baiwar Allah! Baƙon ga naku na yas soke miki ɗa!"

Na ture ta na kutsa. Ɗan yayata yana ƙasa, sun jawo shi tun daga kwana, an yage masa riga. Hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Bakinsa ya fashe, fuskar ta kumbura har ban ga ido ba. Wani masunci yana sauke masa filafilin jirgi a gadon baya, wani yana tattaka masa haƙarƙari da takalmin roba, yara suna ratso ƙafafun manya suna jifa da duwatsu. Yana magana, amma tsoro ya kwashe masa Hausar kaf, Dendanci yake yi yana haɗawa da Faransanci, yana kiran uwarsa. Wannan ya ƙara tunzura su. "Kun ji ko? Ɗan ƙetare na! Su na ka kashe muna mutane!" Wuƙar tana can an tattake ta, takardar ta saɓule, iccen ya fito fili, ba wanda ya dube ta.

Na faɗa kansa na rufe shi da jikina ina ihu. "Wasa na! Ku bas shi, wasa su kai! Soɓo na, ni nad dahwa shi!" Gora ta sauka a kafaɗata, sai da na ji hannuna ya mutu. Wani ya ɗago ni ta ɗankwali da gashi ya yi jifa da ni gefe. Na ji ana cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai, wani kuma ya ce ɗan 'yar'uwarta take karewa, ta fi son shi da wanda ta haifa. Na tashi na sake faɗawa, aka sake fizge ni, wannan karon har leɓena ya fashe.

Ina zaune a ƙasa na hango mai faci yana garo taya daga kwana. A bayansa mai fetur ne, da kwalba a hannu.

Nan na gane bakina ba zai cece shi ba, sai gawar da kanta. Na rarrafa na miƙe na ruga cikin gida. Tsakar gidan cike da mata, ana kuka ana salati, ga ɗana kwance a gindin turmi an rufe shi da zanen mai bandar kifi. Na yaye zanen. Ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina, don da ragowar soɓon sayarwa na dafa jinin. Na ce alhamdulillahi. Na kama kafaɗarsa na girgiza.

"Kai, tashi! Tashi, za su kashe ɗan'uwanka!"

Bai motsa ba. Na ɗaga hannunsa na sake, ya faɗi yaraf. Na girgiza shi har kansa yana bugun ƙasa. Mata suka riƙe ni suna cewa in bar gawa ta huta, in ji tsoron Allah. Sai tsoro ya shige ni na gaske. Na ce ko an sami kuskure, ko wuƙar ba ta icce ba ce, ko ya faɗi a kan dutse. Na buɗe baki na kira sunansa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, na ƙwala shi a gaban matan unguwa, na maimaita, na maimaita. Na ga fatar idonsa ta yi rawa kaɗan, ta tsaya.

A waje ihun ya sauya, ya koma na murna. Warin fetur ya biyo iska ya tsallako katanga.

Na saki yaron, na miƙe tsaye a kan gawar ɗana, na fara tafi. Hannuna ɗaya ya mutu da dukan gora, na riƙa buga mai lafiyar a kansa da iya ƙarfina. Matan suka ja da baya, wata ta ce innalillahi, ta haukace. Shi kuwa ya yi zumbur ya miƙe, jini har gwiwa, yana washe baki, ya rusuna wa 'yan kallo. Mata suka watse suna tattaka juna, tsohuwar da ta ce ya cika ta faɗa cikin kwatami.

Na ɗauke shi da mari. Ba na malam ba, na gaske, wanda ya bar shatin yatsuna a kuncinsa har kwanaki. Na damƙi wuyan rigarsa na ja shi waje, yana tuntuɓe yana cewa, "Inna, mi ni yi? Ai ban motsa ba!"

Sun riga sun rataya wa ɗan yayata taya a wuya, sun zaunar da shi, kansa ya langaɓe. Fetur yana zuba daga gashinsa yana shiga raunukan fuskarsa. Mai fetur ɗin yana lalubar aljihu yana tambayar wa ke da ashana, wani ya miƙo masa. Na bangaje mutane na cilla ɗana tsakiyar da'irar, ya faɗi a gaban ɗan'uwansa. Na bi shi na keta rigar tun daga wuya, na fizgo fasasshiyar ledar na ɗaga sama.

"Ga gawar taku nan! Ku dube ta! Ina raunin? Ku nuna min raunin!"

Na juya kan mai fetur, ashanar tana hannunsa. Na dangwalo jinin daga cikin ɗana na goga masa a baki da ƙarfi, har haƙoransa suka yanke ni.

"Lasa! Don ubanka lasa! Kullum kana sha nai ga leda, yau ba ka gane shi ba?"

Ya lasa kuwa, bai ma san ya yi ba. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ashanar ta faɗi ƙasa. Daga baya-baya mutane suka fara zamewa, kowa yana ɓoye sandarsa a bayansa. Masuncin nan ya jingine filafilinsa a katangata ya tafi ya bar shi, har yau bai zo ɗauka ba. Ban san ya aka yi na cire tayar ba. Na dai tuna ɗana yana durƙushe, yana taɓa fuskar ɗan'uwansa yana duba yatsunsa. Wannan jinin ba kauri gare shi ba, kuma ba ya ƙamshin citta. A nan ya gane, ya fara wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan'adam ya yi ba.

Mai babur ɗin da ya kawo ni daga Lolo, wanda bai san kowa a unguwar ba, shi ya tsaya. Muka ɗora yaron a tsakiya, na riƙe shi ta baya, muka kai shi asibiti yana warin fetur. Hannu ya karye, haƙarƙari ya tsage, haƙoran gaba sun zube. Idon hagu likita ya ce a manta da shi. Da yaron ya farfaɗo washegari da hantsi, ya juyo da idon da ya rage ya neme ni. Na sunkuya don in ji, bakin duk ɗinki.

"Tanti, shi ya motsa?"

Na ce bai motsa ba.

"To ya iya," in ji shi, ya koma barci.

Na fita bayan ɗakin na zauna a gindin itacen bedi na yi kukan da ban samu yi ba jiya.

Malamin ya zo yana hawaye kamar mace, yana cewa shi ya jawo. Na ce ya share fuskarsa ya daina ba ni haushi. Shi ya koya wa yara yadda za a yi mari ba a taɓa kowa ba, a yi suka ba a ji ciwo ba. Waɗanda suka yi na gasken manya ne masu gemu, ba a aji aka koya musu ba. Su ma sun zo, bayan maigidana ya dawo, suka cika zaure da mai unguwa a gaba. Ina bayan ƙofa ina jin su. Kowa ya ce shi rabo ya je yi. Mai faci ya ce tayar ya ɗauko ne don tsoratarwa. An ce ƙaddara ce, an ce sharrin Shaiɗan, an ce yaran ma da laifinsu, wa ya ce su yi wasa da jini a irin wannan lokaci. Na ɗaga murya daga ciki na ce Shaiɗan ba ya da shagon faci a kwanar layinmu. Maigidana ya daka mini tsawa, aka shafa fatiha, aka watse. Ni ban shafa ba.

Ɗana bai ƙara komawa wajen wasan ba, ranar hutun ma ƙin zuwa makaranta ya yi. Ya daina surutu, ya koma bin ubansa kogi. Sau ɗaya ya taɓa tayar da zancen, ina tankaɗe, bai dube ni ba. Ya ce ya ji lokacin da na kira sunansa, saura kaɗan ya tashi, sai ya zaci gwada shi nake yi kamar kullum.

Saƙo ya isa ƙetare, yayata ta zo. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin asibitin, na shirya wa zagi, na shirya wa mari, da ta yi da na ji sauƙi. Ta wuce ni ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa hannun da aka ɗaure, ta ɗaga leɓensa ta ga gurbin haƙoran, ta taɓa audugar da ke kan idon. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da Dendanci. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ba fushi ko kaɗan.

"Halan baƙi na sunka yi mai haka? 'Yan kasuwa?"

Na ce a'a, Yaya, 'yan unguwa ne.

"Ba su san shi ba?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Na ce sun san shi. Na ce wanda ya kawo tayar, shi yake karanta wa uwarsa takardar magani. Wanda ya zuba fetur ɗin, shi yake yi masa tafinta. Ta gyaɗa kai a hankali.

Ranar da aka sallame shi ba ta yarda ya kwana gidana ba. A ƙofar gida ta tsaya, daidai inda ƙasa ta yi baƙi da fetur, na fito mata da ƙullin kayansa. Ta kwance, ta zare kayan makarantar da littattafan Turancin ta miƙo mini, ta ɗaure sauran. Na bi su har bakin kogi ina riƙe da hannunsa mai lafiya. Da jirgi ya matso na tattare zanena zan shiga, don niyyata in raka su har gida in durƙusa gaban mijinta. Ta sa hannu ta zare hannun ɗanta daga nawa, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Koma gida," ta ce. "Ki kula da naki."